Likita ya ce in rage jiki, maigida ya ce haka yake so na, asma kuma ta hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, shekarata 34, yarana uku, ƙaramar watanta goma ina shayar da ita. Ɗinki nake yi a gida. Tun ina budurwa nake da asma, amma a da sai hunturu ya shigo take tashi, shi ma sau ɗaya ko biyu. Lokacin aurena kilo 62 nake, yanzu na kai 94, ga ni ba doguwa ba, tsayina mita 1.60. Tun bayan haihuwar nan komai ya canza. Kullum sai na shaƙi inhelar Ventolin, maganin asma na fesawa a baki, guda ɗaya ba ya kai min wata. Tari yana tashi na da dare, shara ma sai na zauna na huta kafin in gama. Wani mai kyamis a layinmu ya ba ni wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, Prednisolone, in na sha sai in ji ni garau, yau wata biyar kusan kullum ina sha. Fuskata ta cika fam, ga ci kamar me.

Na je asibiti, ko gama bayani ban yi ba likita ya ce, "Hajiya, je ki rage wannan jikin, shi ne ciwonki," a gaban mutane. Kuka na yi ta yi a adaidaita har gida, ban sake komawa ba. Da na gaya wa maigida sai ya ce shi haka yake so na, kada in kuskura in rame a ce ba ya ciyar da ni, zancen fita tattaki kuma ba da matarsa ba. Hajiyarsa ta ce ƙiba hutu ce, asma kuwa gadon gidanmu ce, ba ruwanta da jiki. Ƙanwata ta kawo min shayin rage tumbi, ban fara sha ba tukuna. Ina tsoron saɓa wa mijina, ina kuma tsoron wani dare numfashin ya ƙi dawowa in bar yarana. Da gaske ƙiba ce ke tayar min da asma? Yaya zan yi?

Maman yara, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi, ya raya miki yaran nan. Kukan da kika yi a adaidaita ban ga laifinki ba. Mace ta ɗauko ciwonta ta kai gaban likita, ga goyo, ga rashin barci, a ce abin da za ta samu shi ne a nuna jikinta a bainar jama'a, wannan ba aikin asibiti ba ne. Sai dai rashin iya bakinsa bai mayar da maganar ƙarya ba. Rabin gaskiya ya gaya miki, ya bar rabin da ya fi gaggawa, da shi kuma zan fara.

A duk wasiƙarki, fararen ƙwayoyin nan sun fi tayar min da hankali fiye da kilo 94 ɗin. Prednisolone magani ne mai ƙarfi daga dangin da ake kira sitiroyid, kuma yana ceton rai idan asma ta taso gadan-gadan: likita ya rubuta na kwana biyar zuwa bakwai, a sha, a daina. Ba a yi shi don a riƙa afawa wata da watanni babu mai sa ido ba. Wanda ya daɗe a kansa ci yake buɗe masa, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya, jiki ya riƙe ruwa, suga da hawan jini su kunno kai, ƙashi ya yi rauni. Ɗan'uwansa Dexamethasone yana cikin ƙwayoyin da wasu 'yan mata ke sha da gangan don su yi jiki, waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe. Don haka fuskar da kika ce ta cika da cin da ya addabe ki ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin kamun kai ba. Wani kaso na nauyin nan a kyamis kika sayo shi da kuɗin ɗinkinki.

Amma don Allah kada ki karanta wannan ki watsar da su yau. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadari, kuma idan aka daɗe ana ba jiki na waje sai su yi kwance. Wadda ta yi wata biyar tana sha, in ta yanke lokaci guda tana iya fama da jiri da amai, jininta ya yi ƙasa, har ta kai ga suma. Likita ne zai tsara miki yadda za ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ki rabu da su. Saboda haka a makon nan ki koma asibiti, ki tafi da kwalin ƙwayoyin da Ventolin ɗin a jaka, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha. Ba dole sai wancan likitan ba, kina da damar neman wani.

Yanzu ga tambayarki. Hajiya ta yi gaskiya, asma tana bin jini, kuma kina da ita tun kina kilo 62. Ba ƙiba ce ta kawo miki ita ba. Abin da ƙiba ta yi shi ne ta hana ta kwanciya. Ke tela ce, kin san yadda mutum yake ji a cikin rigar da aka tsuke masa ita a ƙirji, to haka huhunki yake ciki yanzu. A ƙarƙashinsa akwai wata faffaɗar tsoka da ke sauka duk lokacin da kika ja numfashi. Kitsen ciki yana turo ta sama, na ƙirji yana danne haƙarƙari, sai huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata, ƙananan hanyoyin iska da asma ta riga ta matse su ƙara tsukewa. In kin kwanta nauyin yana ƙara hawa kansu, shi ya sa dare ya fi miki wuya. Kuma kitse ba zaman banza yake yi a jiki ba, yana fitar da sinadarai masu rura kumburi, har maganin asma na shaƙa yakan rage tasiri ga mai jiki sosai. Ga ƙwannafi da minshari, waɗanda duka sun fi samun mai ƙiba, duka kuma suna tsokano tarin dare. A 2007 wasu likitoci a Amurka sun tattara bincike bakwai da suka shafi manya sama da 300,000, suka ga waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima sun fi sauran yiwuwar kamuwa da asma da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Zaman birni kuma yana taimaka wa abin. Kakanninmu suna daka, suna surfe, suna ɗebo ruwa. Ke kuwa kina kan keken ɗinki tun safe har la'asar, in fita ta kama adaidaita ta ɗauke ki a bakin layi ta dire ki a bakin ƙofa. Numfashi ya hana ki motsi, rashin motsi ya ƙara jiki, jiki ya ƙara matse numfashi, kin sha ƙwaya don ki samu sauƙi, ita ma ta ƙara jikin. A nan ne nake ganin likitan ya yi gaggawa. Wadda ba ta iya gama shara sai ta huta, ba a fara ce mata ta je ta motsa jiki. Numfashi ake fara buɗe mata.

Kafin nan ma a tabbatar duk hakin nan na asma ne. Kin ce bayan haihuwa abin ya tsananta, wannan kuwa ba maganar da za a wuce ba ce. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya na bayan haihuwa a duniya, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin jego. Shi ma haki yake sawa da tarin dare, sau da yawa da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tara matasai. Ki roƙi a duba zuciyarki, a auna jininki ko ya yi ƙaranci, a auna suga da hawan jini saboda ƙwayoyin da kika sha, a kuma yi miki gwajin ƙarfin huhu, wanda ake hura iska cikin na'ura. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin ƙirji da na zuciya, kina iya neman takardar tura ki can daga asibitin da kike zuwa.

Sai batun Ventolin. Aikinsa buɗe hanya na 'yan awanni, kamar huɗu, ba ya taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin iskar, wanda shi ne tushen ciwon. Kowane guda yana da fesawa 200. Ƙwararru suna ɗaukar wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara a matsayin wanda ke cikin haɗarin mummunan tashi, ke kuwa a yadda kike tafiya za ki wuce goma sha biyu. Tun 2019 GINA, ƙungiyar da ke fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar babban mutum a kan irin wannan shuɗin inhela shi kaɗai. Abin da babu a wasiƙarki shi ne inhelar rigakafi, irin su Beclometasone ko Seretide ko Symbicort, wadda ke kwantar da kumburin. Likita zai zaɓa miki wadda ta dace. Za ki ji an ce ita ma akwai sitiroyid a ciki, kada gabanki ya faɗi. Ɗan mitsitsi ne yake tafiya kai tsaye cikin huhu, ba ya yi wa jiki abin da ƙwaya ke yi, kuma mai shayarwa tana amfani da shi. Ki dai riƙa kurkure baki bayan kin shaƙa. Ba ta aiki nan take, sai an yi mako ɗaya ko biyu ake fara jin bambanci, kuma inda mutane ke faɗuwa shi ne da sun ji sauƙi sai su ajiye ta.

Na san tsada. Tun da kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya a 2023 farashin waɗannan magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Ki gaya wa likita ƙarfin aljihunki ba kunya, akwai na wasu kamfanoni masu sauƙi. Ki kuma sa ma'aikaciyar jinya ta kalli yadda kike shaƙa, don da yawa maganin a harshe da maƙogwaro yake ƙarewa. Akwai wata roba da ake haɗawa da bakin inhela, ana ce mata sifesa, tana taimakawa ƙwarai. In babu, likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun nuna robar lemo mai rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin inhelar ba tare da iska na fita ba, tana yin aikin. Wani abu kuma, idan zaman keke ya sa ki ciwon baya ko gwiwa, ki yi hattara da Aspirin da Ibuprofen da Diclofenac, suna tayar wa wasu masu asma da ciwon. Paracetamol ya fi aminci.

Idan numfashi ya fara daidaita, sai mu zo kan jiki. A lissafin da likitoci ke kira BMI, ana raba nauyi da tsayi sau tsayi: 94 a raba da 2.56 ya ba da kusan 37, ƙiba kuwa daga 30 take farawa. Amma ki cire kilo 62 daga ranki, ba shi muke nema ba. Bincike ya nuna rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa mai asma ya ga canji a numfashinsa da barcinsa. A wajenki kilo biyar zuwa tara kenan, ki dawo tsakanin 85 da 89, a hankali, kamar rabin kilo a mako. Ba sai kin sayi sikeli ba ma, tef ɗin awonki yana rataye a wuyanki. Ki auna kugunki daidai cibiya, da safe kafin ki karya, ki rubuta a bayan littafin awon kwastomomi. Ga mace, abin da ya haura inci 35 shi ake so ya sauko. Duk bayan mako biyu ki sake, kada ki riƙa yi kullum ki tayar wa kanki da hankali.

Kina shayarwa, don haka babu zancen horon yunwa. Shayin ƙanwarki ki yi mata godiya ki mayar mata da abinta. Yawancinsu zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ba ki san me aka zuba ciki ba, ga jaririya tana shan nono. Ki fara da abin sha, nan ne riba ta fi yawa da ƙaramar wahala. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali goma sha uku, su Maltina ma ba baya ba ne, haka zoɓo da kunun aya na sayarwa. Ki mayar da su na ranar biki. Mai kuma ki daina tuttulawa daga galan, ki riƙa aunawa da cokali, za ki sha mamakin abin da ke shiga tukunya a da. Tuwo malmala biyu ya koma ɗaya, miya ta ƙaru, a samu ganye a ciki. Kwaɗon zogale ko rama, wake, alale, dafaffen ƙwai, kifi, duk suna riƙe ciki. Robar cincin da ke gefen keke ita ce abokiyar gaba, hannu yana kai wa baki mutum bai sani ba, ki maye gurbinta da gorar ruwa da yalo ko karas. Abincin dare ki ci da wuri, a samu kamar awa uku kafin ki kwanta, saboda ƙwannafi. Tukunya ɗaya za ki ci gaba da yi wa kowa, farantinki ne kawai zai sauya.

Motsa jiki ba sai an sa kayan 'yan ƙwallo an hau titi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu minti 150 a mako, amma ke da minti goma za ki fara, kai-komo a tsakar gida da ɗan sauri, ki riƙa ƙarawa duk mako. Kowane rabin awa ki tashi daga kan keke ki miƙe ƙafa. Raka yara Islamiyya da ƙafa ma tattaki ne, kuma babu wanda zai kira shi da wannan suna. Ki tambayi likita ko za ki riƙa shaƙar inhela kafin ki fara. In hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga yankin Bodele na arewacin Chadi ta lulluɓe Kano, ki guji sanyin asuba da ranakun hazo mai kauri, in fita ta zama dole ki sa takunkumi.

Iskar cikin gida ma ki dube ta. Janareton da ke ja miki keke ya yi nesa da taga. Igiyar leƙo ki sauya ta da gidan sauro. Kafin shara a yayyafa ruwa, ƙyallayen yadi a kwashe su kullum, girkin gawayi a fili. Turaren wuta kuwa, na san raba matar Kano da kasko sai an yi da gaske, to a turara ɗakin ba kya ciki, a buɗe tagogi hayaƙin ya fita kafin ki shiga.

Maigida fa? Ni ban ga mugunta a maganarsa ba. "Haka nake son ki" magana ce da mata da yawa ke neman ji ba su samu ba, ki karɓe ta a haka. Sauran kuma tsoron bakin mutane ne, kada a ce ya gaza. Inda matsalar take, shi abin da ya ji shi ne wani namiji a asibiti ya kushe jikin matarsa, kin ga dole ya tsaya miki. Ba a gaya masa zancen huhu da zuciya da ƙwayoyi ba. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki ajiye masa ƙararrun inhelolin nan a gabansa, ki lissafa masa kuɗinsu, ki ce, "Abban yara, ba rama nake nema ba. Kilo biyar ne zuwa tara, don in riƙa barci, kai ma ka samu ka yi." Mace mai kilo 87 babu wanda zai ce mijinta ba ya ciyar da ita. Sannan ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. Maza da yawa abin da suka ƙi ji a bakin matansu suna karɓar sa a bakin likita. In fitarki ke kaɗai ce ba ya so, ku riƙa zagaya unguwa tare bayan isha, shi ma ƙila tumbin ya gode.

Idan ya kafe, kada ki mai da abin rigima. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayanki ko amininsa ko limamin unguwa, ya yi masa magana a kan zuwa asibitin kawai. Neman magani ba saɓa wa miji ba ne, kula da lafiyarki ma yana cikin haƙƙinki a kansa. Kuma in kin duba, yawancin abin da na lissafa ba ya buƙatar izinin kowa: abin da ke cikin kofinki, man da ke shiga miya, zagayen tsakar gida.

Hajiya kuma ba a musu da ita. Ki ce, "Gaskiyarki Hajiya, gado ce. An dai ce in rage zaƙi da maiƙo saboda ƙirjin." Manyanmu suna girmama abin da aka hana mutum saboda ciwo, ba sa son jin ana rage jiki don gayu. Kalmar rage ƙiba ma ba sai ta fito a gabanta ba.

Yana yiwuwa wata biyu su wuce tef bai motsa sosai ba, musamman kina kan rage Prednisolone. Kada ki karaya ki ajiye inhelar rigakafi, ita tana aikinta ko jiki ya sauka ko bai sauka ba. Ki nemi a haɗa ki da masu ba da shawarar abinci a asibiti, in kuma kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki ambata, tana ƙara wa wasu mata jiki, akwai wasu hanyoyin.

Tsoron da kika ambata na dare, shi ma a yi masa shiri tun yau. Idan kika kasa gama jimla ɗaya sai kin tsaya jan numfashi, ko leɓɓanki suka canza launi, ko kin shaƙi Ventolin bai yi komai ba, ki zauna a miƙe, kada ki kwanta, ki shaƙi fesawa huɗu zuwa goma ɗaya bayan ɗaya ta cikin sifesa, a maimaita bayan minti ashirin kuna kan hanyar asibiti. Ba a jiran gari ya waye, ba a biyawa ta kyamis. Maigida da babban yaronki su san inda inhelar take kwana, lambar mai adaidaitar da zai iya fitowa cikin dare kuma ta kasance a wayarku ku biyu. Ki rubuto min abin da gwajin zuciyar da na huhun suka nuna. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.